Mutanen Kwamfutata Ba Su da Gwaggo

"Asabar na ce, kuma Asabar ɗin za a yi!"

Gwaggo ta buga murfin tukunya a kan teburin kicin har cokula suka yi tsalle. Ni kuma ina tsaye a bakin ƙofa, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu.

"Gwaggo, ba gardama nake miki ba. Mutum nawa kika gayyato?"

"Dangi."

"Danginmu ai gari guda ne."

"To sai me? A kanki zan ɗora su?"

"A kan ƙirjin Umma za ki ɗora su. Kin san da abin shaƙa na asma take kwana a ƙarƙashin matashi."

"Ke, Malama Lissafi, kar ki kawo mini iyayi da sassafen nan. Da kunnena na ji a rediyo. Daga Litinin aka hana taro. Litinin! Asabar kuwa ba wanda ya ce mata komai."

"Gwaggo, cutar ba ta sauraren rediyo."

Ta juyo gaba ɗaya, ta riƙe ƙugu, ta dube ni tun daga ɗankwali har zuwa ƙafar da ba takalmi.

Ku da kuke karanta ni, bari in tsaya nan in gyara muku zama, don na san wasu yau suka shigo. Ni ce 'yar fari a gidanmu. Lissafi na karanta, kuma ina aiki a wani ƙaramin ofis na jami'a, a ƙarƙashin wani dattijo da kowa ke ce wa Farfesa. Tun da zazzaɓin nan mai tari ya shigo gari, mu ake tambaya inda ya dosa. Gwaggo yayar Baba ce. Ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, shi ya sa in ta yi magana Baba ƙasa yake kallo. Wanda nake so kuwa, sana'arsa ba da hayar kujeru da rumfuna. Mai Kujeru ake ce masa, haka ma na sa a wayata, sai dai na liƙa 'yar zuciya a gefe. Gwaggo ba ta taɓa yin na'am da shi ba. Nata ɗan takarar mai kantin magani ne, mai mota mai sanyi da turare mai sa atishawa. Baba ya raba gardama: Mai Kujeru ya turo manyansa kafin wata ya ƙare, in bai turo ba, a saurari mai kantin magani.

To amma abin da Gwaggo ta fi ƙi a duniya, har ya fi Mai Kujeru, shi ne a yi sha'ani a gidanmu gida bai cika ba. Tana jin sanarwar hana taro ta jawo ranar neman auren daga ƙarshen wata ta dawo da ita Asabar, ta hau kiran waya.

"Ki buɗe kunne," ta ce, ta sassauta murya, wanda ya fi ihun nata ban tsoro. "In Asabar ta wuce, doka ta hau, wata ya ƙare. Ni ban ce komai ba. Mai kantin magani dai yana nan, bai mutu ba."

Na sa ɗayan takalmin na fita. Abin da ban gaya mata ba shi ne, wannan Litinin da take ta rantsuwa da ita, daga ofishinmu ta fito. Ni na yi lissafinta.

Ina bakin titi saƙonsa ya shigo.

"Farfesata, kin fito? Tun jiya wayata ta kusa kama wuta."

"Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Ki biyo ta shago ki ga ikon Allah."

Na biya. Shagon mai ƙofar ƙarfe ne, ciki fararen kujerun roba a ɗoɗɗore har rufi, ƙarafunan rumfa a ɗaure a kwana, ko'ina ƙamshin sabulu. Yana tsaye a tsakiya cikin riga mai gajeren hannu ruwan ƙasa, waya ɗaya a kunne, ɗaya a hannu tana ruri.

"Hajiya, wallahi babu. Juma'a ta cika, Asabar ta cika, Lahadi ta cika. Ko ta makaranta ce mai karyayyar ƙafa, an kama." Ya kashe, ya dube ni, fuskarsa kamar an kunna fitila. "Kin gani? Duk wanda ya sa sha'ani wata mai zuwa ya jawo shi baya. Mai aure, mai haihuwa, mai sabon gida, har wanda aka ƙara wa girma a wurin aiki. Telan da ke gefena bai kwana gida ba. Wani ma cewa ya yi ko an hana in kai masa ta ƙofar baya, zai ninka mini."

"Ka ce masa me?"

"Na ce zan yi shawara." Ya yi dariya. "Kin ga waɗancan na can ciki? Sababbi ne fil. Namu ne, na ware. Gwaggonki za ta ga kujera har ta gaji."

Na yi murmushi, sannan na tambaye shi.

"In ka kwatanta da ƙarshen mako na yau da kullum, ninki nawa?"

"Biyar, ko fi. Kuma ba ni kaɗai ba, duk 'yan sana'armu haka suke." Wayar ta sake ruri. "Yi haƙuri, Farfesata, abinci ke kira."

Ban san yadda na isa ofis ba.

Ga yadda aikina yake, a taƙaice. A cikin kwamfutata akwai gari. Ba gidaje, ba tituna, lambobi ne zalla. Na kasa mutanensa kashi uku: waɗanda cutar ba ta taɓa ba tukuna, waɗanda ke ɗauke da ita, da waɗanda suka warke. Sai in gaya wa kwamfuta kowane mutum da mutum nawa yake cuɗanya a yini. Ita kuma ta tura kwanaki gaba, ta zana mini layi: yau masu ciwo kaza, mako mai zuwa kaza. A sama akwai wani jan layi a kwance, shi ne yawan gadajen asibiti. In layina ya haura shi, to akwai masu kwanciya a ƙasa.

Ina ji da garin nan nawa. Har tsoro na sa wa mutanensa: in masu ciwo suka yi yawa su lafe a gida, in suka ragu su fito. Da aka tambaye mu ko za a iya ba jama'a 'yan kwanaki su shirya kafin doka ta hau, na gwada, layin bai wani motsa ba. Muka ce Litinin.

Sai dai mutanen garina, da suka ji an ce Litinin, harkar gabansu suka ci gaba da yi yadda suka saba har Litinin ta zo. Ba wanda ya jawo biki baya. Ba wanda ya hana tela barci. Mutanen kwamfutata ba su da gwaggo.

Sai na ƙera musu ita.

Na fara da waya. Na kira masu ɗakunan taro, na kira masu buga katin gayyata, na kira wata mai girkin biki da ta ce in yi sauri tukunya na kan wuta. Duk bakinsu ɗaya da na Mai Kujeru. Na ɗauki cuɗanyar Juma'a zuwa Lahadi na ninka. Na tara mutanen a wuri guda, kafaɗa da kafaɗa, tsoho da jariri. Na danna.

Layin ya miƙe tsaye kamar macijin da aka taka wa wutsiya. Ya haura jan layin bai ko waiwaya ba.

Fanka tana ta juyi a sama, ni zufa nake yi.

Farfesa ya shigo yana neman tabarau, alhali suna kan goshinsa. Na nuna masa goshin, na nuna masa kwamfutar. Ya sunkuya, ya daɗe.

"Wa ya ba ki wannan ninkin?"

"Masu hayar kujeru, ranka ya daɗe."

"Masu me?"

Na yi masa bayani, har da labarin Gwaggo. Ya laluba aljihu, ya ciro wayarsa, ya miƙo mini. Saƙon matarsa ne na jiya: "Na dawo da liyafar yarinyar nan Lahadi. Kar ka ce ban gaya maka ba."

"Gashina ya yi fari a kan aikin nan," ya ce, "ga amsa a aljihuna tun jiya, har na ce mata to." Ya yi wata dariya mai ɗaci, ya jawo kujera. "Zauna. Gwada mana in dokar ta hau gobe-gobe."

Muka wuni a kai. Hanya uku muka gwada. In an bar ta Litinin, kun ji abin da zai faru. In an hana komai nan take, wasu za su ɓuya su yi taronsu a rufaffen ɗaki, taga a kulle don kar maƙwabta su ji, cutar kuma nan ta fi so. Ta ukun ita ce ta kwantar da layin ƙarƙashin ja: doka ta hau ranar Juma'a, amma a bar wa mutane ƙofa, mutum goma su iya haɗuwa a fili, da tazara a tsakaninsu.

"Gobe kwamitin lafiya zai zauna," Farfesa ya ce. "Ke za ki yi bayani."

"Ni, ranka ya daɗe?"

"Gwaggonki ce, ba tawa ba." Ya miƙe, sai kuma ya tsaya a ƙofa. "Af. Ba ke ce aka ce za a zo neman aurenki ba?"

"Asabar."

Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"To," ya ce. Ya fita.

Da yamma na koma shagon. Yana wanke kujeru da tiyo, ya naɗe ƙafar wando har gwiwa. Da ya gan ni ya kashe ruwan.

"Sau biyu a yini ɗaya? Yau na taki sa'a."

Na gaya masa. Ban yi kwana-kwana ba. Ya saurara har na gama. Shi in ransa ya ɓaci ba ya ɗaga murya, shiru yake yi, ya dinga murza yatsa a kan abu. Ya dinga murza bayan kujerar da ke gabansa har tana ƙara.

"Wato da safe, da kike tambayata ninki nawa, aiki kike yi."

"Da na zo ban san zan tambaya ba."

"Amma kin tambaya."

"Na tambaya."

"Ni na ɗauka murna kike taya ni."

Wallahi, 'yan uwa, da mari ya yi mini da ya fi sauƙi.

"Tun da cutar nan ta shigo kin san yadda shagon nan yake," ya ce. "Ƙura nake sharewa. Wannan ƙarshen makon ne zai tsayar da ni da ƙafata, in shiga gidanku kaina a sama. Asabar ɗin tamu fa? Kin san Gwaggonki. Kin san abin da Baba ya ce."

"Na sani."

"In na ce kar ki je fa?"

Na dubi kujerun nan, a jere, suna ɗigar ruwa. Kowace ɗaya sai na ga mutum a kanta, ana dariya, ana rungumar juna, wani yana tari a tafin hannu yana miƙa wa na kusa da shi. A ta tsakiya na ga Umma.

"Zan je."

"To me ya kawo ki nan?"

"Don kar ka ji a rediyo."

Ya dube ni, ya dubi ƙasa. Sannan ya kunna ruwan.

Washegari wayata fayau, ko gaisuwar safen da bai taɓa fasawa ba babu. Na sa doguwar rigata baƙa mai aikin zare ruwan toka a hannu, da mayafi ruwan toka, da takalmi mara tsini. Umma ta kira ni ɗakinta, ta gyara mini mayafin da na riga na gyara. Ban gaya mata inda za ni ba, amma uwa ce.

"Ko me za ki faɗa, ki faɗe shi da ƙarfi," ta ce. "Wannan muryar taki kamar ta sauro."

Ɗakin kwamitin dogon tebur ne da kwalaben ruwa, da na'urar sanyi mai ɗigo cikin bokiti. Kowa da takunkumi, wasu a hanci, wasu sun sauke shi haɓa kamar gemu. Shugabar kwamitin likita ce, doguwa, idanunta sun faɗa don rashin barci. Kafin a zo kaina ta yi ta faɗa a kan wani asibitin unguwa: masu tari sun cushe a baranda guda saboda waje rana ce tsagwaronta, ba inuwa, ba wurin zama. "Mutum ya zo da ciwon kai, ya koma gida da cutar," ta ce. Aka wuce.

Aka kunna majigi. Na miƙe. Na nuna layin farko. Muryata ta fito kamar yadda Umma ta ce, sai na tuna, na ɗaga ta.

Akwai wakilin 'yan kasuwa a wurin, ƙaton mutum mai ƙaton agogo. Tun ban kai rabi ba ya ɗaga hannu.

"Yarinya, wannan ai zane ne. Ni ma jikana yana zane. An riga an sanar da Litinin, mutane sun shirya. Yanzu hukuma ta yi amai ta lashe saboda layi ya hau a kwamfuta?"

Wasu suka gyaɗa kai. Na dubi Farfesa, shi kuma silin yake kallo. Na gane ya sake ni ne da gangan.

"Ranka ya daɗe, roƙo ɗaya gare ni," na ce. "Kowa ya ciro wayarsa. Duk wanda aka gayyata taro tsakanin Juma'a da Lahadi, kuma gayyatar bayan sanarwa ta zo masa, ya ɗaga hannu."

Kowa ya sunkuya a kan wayarsa.

Farfesa ya fara ɗagawa. Sai magatakarda. Sai wani malamin asibiti a can ƙarshe. Sai shugabar da kanta, a hankali, tana kallon wayarta kamar ta ci amanarta. Hannu ya yi ta tashi har ya rage mai agogo shi kaɗai. Ya yi ta shafa waya, ya yi ta shafawa.

"Ni guda huɗu ne," ya ce a ƙarshe. "Ɗaya ma a gidana."

Ɗakin ya fashe da dariya. Na jira ta lafa, sannan na ɗaga nawa hannun.

"Nawa Asabar ne. Neman aurena za a zo."

Dariyar ta tsaya cak.

"Kowa a ɗakin nan ya san cutar," na ce. "Mu ne ma masu gaya wa mutane su zauna a gida. In mu duka muna da inda za mu je kafin Litinin, to ku ƙiyasta sauran gari. Abin da layin ke faɗa ke nan, ba wani abu ba."

Mai agogo ya gyara zama. Muryarsa ta canza.

"To ji nan, 'yata. In kuka hana gaba ɗaya, ɓuya za su yi. Na san mutanena. A ɗaki za su kulle kansu."

"Shi ne layi na biyu, ranka ya daɗe. Ka riga ni."

Na nuna masa. Ya miƙe da kansa ya zo gaban allon, ya bi layin da yatsa kamar mai duba yadi. Na nuna na ukun. Ya juya ya ce wa shugabar, "Wannan na ukun, ni zan iya sayar da shi a kasuwa."

Kafin a tashi an yanke: daga Juma'a, mutum goma, a fili, da tazara. Shugabar ta tsayar da ni a ƙofa.

"Wa ya koya miki sa wannan a lissafi?"

"Gwaggona, ranki ya daɗe."

"Ki gaishe ta. Ta ceci mutane ba ta sani ba."

A kan matakala Farfesa ya ce in za a rubuta aikin nan sunana ne zai hau kafin nasa. Na shiga banɗaki na kulle, na yi tsalle ni kaɗai kamar 'yar firamare, mayafi ya faɗi ban damu ba. Ku yafe mini, amma daɗin da na ji ranar ban taɓa jin irinsa ba. An kira ni yarinya da safe, kafin azahar gari guda ya juya a kan maganata.

Sannan na tuna wanda nake son in gaya wa.

Na rubuta masa dogon saƙo. Komai na sa: mai agogo, hannuwa, har barandar asibitin da ba wurin zama. Na ƙare da cewa ban ambaci sunansa ba. Alamar ya karanta ta fito nan take. Na jira. Na ga yana rubutu. Ya daina. Shi ke nan.

Da yamma muna falo aka karanta sabuwar sanarwa, har aka ce bisa shawarar masana lissafi na jami'a. Gwaggo ta ajiye kofin shayinta. Ta juyo a hankali.

"Ke ce."

"Ni ce, Gwaggo."

Ta tafa hannu, ta riƙe haɓa. "Na ga masu kashe auren wasu. Mai kashe nata da kwamfuta, yau na fara gani. Na gayyato mutane! Na ba da girki! Da wane ido zan kalli dangi? Kai kuma ka yi shiru kana kallonta, ka sa ta a makaranta har ta fi ƙarfin..."

"Yaya, ya isa."

Tun da aka haife ni ban taɓa jin Baba ya katse ta ba. Ita ma ba ta taɓa ji ba, bakinta a buɗe ya tsaya. Ya juyo gare ni.

"Abin da kika gaya musu, gaskiya ne?"

"Iya sanina, Baba."

"To, Allah ya yi miki albarka." Ya ɗauki carbinsa. "Amma maganata tana nan. Ƙarshen wata."

Juma'a ta zo ta wuce kamar ba ta da ƙafa. Gwaggo ta fita soke girki tana mita tun daga ƙofa. Mai kantin magani ya turo hoton fure da "Na ji labari, Allah ya sa haka ne mafi alheri." Na goge. Ku gane, doka ba ta hana Mai Kujeru turo manyansa ba, mutum goma a fili an yarda. Abin da ban sani ba shi ne ko har yanzu yana so. Na duba wayar nan har batirinta ya yi ja.

Asabar da hantsi ina wanke-wanke da tsohuwar rigar gida, sai na ji kukan wata mota da zan gane ko a cikin dubu. Tsohuwar a-kori-kurarsa ce, mai tari kafin ta tsaya. Kofi ya suɓuce mini. Na ruga ɗakin Umma, muka leƙa ta taga mu biyu.

Ya shigo da sallama cikin farar riga mai guga har tana sheƙi, kujeru a kafaɗa. Guda shida, sababbin nan. Ya nufi inuwar bishiyar tsakar gida, ya ajiye ɗaya. Ya koma ya ɗauko ƙarfen rumfa, ya shimfiɗa a ƙasa, ya ajiye ta biyu a ƙarshensa. Haka ya bi, kujera, ƙarfe, kujera, har suka zagaye tsakar gida kamar masu gaba da juna. Ta ƙarshen mai hannu ce. Ya ciro hankici ya goge ta.

"Wannan ta Gwaggo ce," ya ce da ƙarfi.

Gwaggo tana bakin ƙofarta, ta ja tsaki. Amma ta je ta zauna, don a gidanmu ba a yanke magana ba ta.

Shi ya fita, kawunsa da wan mahaifinsa suka shigo. Baba ya fito da ƙaninsa. Aka zauna, kowa can nesa da kowa. Nan ne abin ya zama abin dariya, don dattijon nan wan mahaifinsa muryarsa ba ta kai ko rabin ƙarfe ɗaya ba.

"Me ya ce?" Gwaggo ta tambaya.

"Cewa ya yi sun zo neman..."

"Ka ɗaga murya, bawan Allah, ba gulma muke yi ba!"

Dole kowa ya koma ihu. Gaisuwa da ihu, yabon tarbiyya da ihu. Umma ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa, har na miƙa mata abin shaƙa don tsoro. Ta ture hannuna.

Baba ya yi gyaran murya. "Na ba shi."

"Me ka ce?"

"Na ce na ba shi, Yaya! Na ba shi!"

Wallahi har maƙwabta suka ji. Wata ta leƙo ta katanga tana sa albarka, wani daga benen gaba ya ce Allah ya sanya alheri. Gwaggon da ke kukan ba wanda zai shaida, sai ga unguwa guda ta shaida ba a ba kowa ko ruwa ba. Na gan ta tana gyara zama a kujerarta mai hannu, tana amsa barka ta saman katanga kamar ita ta shirya abin.

Wayata ta yi ƙara a aljihu.

"Farfesata, tazarar ta yi, ko in ƙara ƙarfe ɗaya?"

Na zauna a bakin gadon Umma na yi kuka, ina dariya, ita kuma tana ce mini sakarya.

Da manya suka tafi na canza riga, na sa mai ruwan zuma wadda ya taɓa cewa tana masa kyau, na fita ƙofar gida. Yana ɗora kujerun a mota. Na tsaya nesa da shi kamar tsawon ƙarfe ɗaya.

"Ka yi fushi," na ce.

"Na yi."

"Ya wuce?"

"Ya kusa." Ya yi murmushi yana kallon igiya. "An ce kin sa manya ɗaga hannu kamar 'yan aji ɗaya."

"Har da mai agogo."

"Allah ya jiƙan mijinki."

"Kai ne fa."

"Shi ya sa na yi addu'ar da wuri."

Sai ga Gwaggo ta fito, mayafi a kafaɗa. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai, Mai Kujeru. Kujerar taka ba laifi, ba ta sa mini ciwon baya ba."

A wurin Gwaggo wannan daidai yake da ta yi masa waƙa. Ya durƙusa yana godiya. Ta juya za ta koma ciki, sai ta tsaya, kamar wadda ta tuna abu.

"Amma jiya da na je soke girki na wuce ta shagonka. Ƙofa a buɗe, ciki wayam. Ko ƙafar kujera babu, balle rumfa. An hana taro, kai kuma kaya sun ƙare. Ikon Allah."

Ta shige.

Murmushin bai bar fuskata ba, amma kaina ya koma lissafi. Kujeru har rufi na bari a shagon nan. Zuciyata ta tafi wuri biyu a lokaci guda: barandar asibitin da na rubuta masa, ba inuwa ba wurin zama, da kuma mutumin ƙofar baya da zai ninka masa. Ɗaya zai sa in so shi har in mutu. Ɗayan kuwa shi ne layi na biyu a kwamfutata, rufaffen ɗaki, taga a kulle.

Ya ja igiya ya ɗaure. Ya sake kwancewa ya ɗaure, alhali ta ɗauru. Wayarsa ta fara ruri a aljihu, ya dafe ta da hannu bai ciro ba. Yatsansa na murza bayan kujerar Gwaggo.

Na tsallake tazarar da ke tsakaninmu, na matso.

"Ina ka kai sauran kujerun?"